Ƙofar Pweza

Asabar, 6 ga Janairu, bayan la'asar

Mzee Shaame ya kira ni a waya, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce ana shiga dutsen. Na ce wane dutse? Ya ce, "Dutse nawa muka rufe, 'yar Mboje?" Shi ne shugaban kwamitin masunta na ƙauyenmu Fundoni, kuma tun ina yawo ba ɗankwali yake kirana haka, da sunan Mama. Digirin da na tara bai sa ya canza ba.

Sai da bakina ya kusa tsagewa kafin mutanenmu su yarda a rufe dutsen murjani na wata uku, kowa ya ɗaga wa pweza, dorinar ruwan nan mai hannu takwas, ƙafa ta samu ta yi ƙwai ta yi ƙiba. Ni na tsaya a gindin mangwaro na ce Cibiyar Nazarin Teku, inda nake aiki, ta auna, in abin bai yi ba a kama ni. Hukuncin ma ni na kawo shi: duk wanda ya shiga, a karya sandarsa ta kamu a bainar jama'a, ranar buɗewa kuma ba shi ba taka dutsen. Yanzu saura wata guda a buɗe.

Masu gadi sun tarar da ramukan pweza wayam. Mutum ɗaya ke da izinin shiga, ɗalibina Masanja mai ƙidayar ramukan, to an ga inda maganar ta dosa. Ni dariya ma ta ba ni. Masanja da ya zo mana daga Tabora bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, ranar farko ya ɗanɗani teku ya tofar, ya tambaye ni ko kullum haka take. Shi ne zai zaro dabba mai hannu takwas daga raminta? Zan je in kashe wutar nan da kaina.

Litinin, 8 ga Janairu, da hantsi

Na koyar da 'yan shekarar farko yadda zafin ruwa ke sa murjani ya yi fari ya mutu. Rabinsu na gyangyaɗi, na ce duk wanda na sake gani zai wanke tankunan kifi har ƙarshen zango. Nan take idanu suka buɗe.

Daga nan na tsare Masanja a ɗakin gwaji. Ya rantse, kuma na yarda da shi tun kafin ya rantse. Sai dai ashe bawan Allah kullum da yamma yana bakin kasuwa yana shan romon pweza, wani masuncin Fundoni kuma ya gan shi har yana kafa kai a kwano. Na ce masa kai da romon nan sai Allah, mutum ya baro gero da shanu ya zo ya fi mu kwaɗayi. Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Farfesa Mshenga, shugaban cibiya, bai ɓoye mini komai ba. In ƙauye suka kori yaron, cibiya za ta janye shi, kuma bincikensa ya mutu ke nan, don ƙidayar ba ta da amfani in ba ta kai ranar buɗewa ba. Ga sunan ɓarawo da zai bi shi duk inda ya nemi aiki. Na ce Farfesa ya bar mini, ƙauyena ne, na san inda yake yoyo.

Laraba, 10 ga Janairu, bayan magariba

Ina Fundoni. Na kama kwalekwalen yamma, teku lafiya lau.

Zuwena matar ƙanena, wadda ke zaune da Mama, ta yi shinkafa da miyar kwakwa da pweza. Na ɗaga gira, ta yi sauri ta ce daga gari aka sayo. Na ci na ƙara, ƙarya ba kyau, miyar ta yi daɗi.

Mama ta rame kaɗan amma ƙafarta garau, har yanzu ta fi ni sauri. Muna shan shayi ta tambaye ni ko jirgin Baba ya shigo. Baba da ya daɗe a ƙasa. Daga barci ta tashi, kowa yakan yi haka. Lafiyarta ƙalau.

Juma'a, 12 ga Janairu, da rana

Ruwa ya janye sosai, mun shiga dutsen ni da Masanja da masu gadi biyu. Na tafi da tabbacin abin da zan gani. Ɓarayin zamani da ƙarfen rodi suke zuwa, su farfasa rami su ja abinsu su gudu, su bar wurin kaca-kaca. Da na ga haka sai in ce wa kwamiti aikin 'yan kwalekwalen waje ne, magana ta ƙare.

Ba rami ɗaya da aka fasa. Kowanne an zare pweza a hankali, an mayar da duwatsun bakin ramin an jera su tsaf, an bar 'yar kafa daidai shigar wata. A saman kowace ƙofa an kifa farin ƙwanso guda.

Masanja ya durƙusa yana kallo, ya tambaye ni ko pweza kan kifa ƙwanso haka da kanta. Na ce ya rubuta abin da ya gani ya bar tambaya. Na auna zafin ruwa, na auna faɗin ramukan, na yi duk abin da ake yi. Masu gadi suka ce Dakta me kika gano, na ce bincike ba a yi masa gaggawa.

Juma'a, bayan la'asar

Mata da yawa suna mayar da ƙofa. Ba mutum ɗaya ba ce.

Lahadi, 14 ga Janairu, da safe

Ina ƙarama Mama ta fara kai ni dutse. Ita ta koya mini yadda ake gane ramin da ke da mai gida, da yadda ake zura sanda a sosa a hankali har pweza ta fusata ta naɗe ta. Ran da na kama ta farko na ruga da murna zan nuna wa mutane, ta kamo kunnena ta dawo da ni. Ta ce ba a cin abinci a gidan mutum a tafi a bar masa ƙofa a hangame. In kin mayar da duwatsun, wata za ta tare a ciki kafin ruwa na gaba. Wannan shi ne darasina na farko a ilmin teku, kuma har yau ina koyar da shi a aji da dogon Turanci.

Tsofaffin matan Fundoni duk sun san mayar da duwatsu. Kifa farin ƙwanso kuwa, don ta gane ramin da ta riga ta ziyarta, mace ɗaya na sani tana yi.

Na leƙa bayan ƙofar ɗaki. Sandar Mama na nan inda take koyaushe, da zoben tagullar da Baba ya sa mata a mariƙi. Bakinta da ɗanyen yashi.

Talata, 16 ga Janairu, bayan azahar

Na ja Zuwena bayan gida wajen tulin ɓawon kwakwa. Ban ma gama tambaya ba ta fashe da kuka.

Ta ce in ruwa ya janye da safe Mama kan ɗauki kwando ta bi ta cikin mikoko, itatuwan nan na bakin ruwa, ta tsohuwar hanyar mata. Tsintar ƙwanso a gefe ba a hana ba, kuma wa zai tsaya kallon tsohuwa da kwando? Masu gadi idonsu na can kan jirage. Ta ce ta sha gaya mata an rufe, sai Mama ta dube ta ta ce wa ya isa ya rufe teku. Da yamma kuma ita ce za ta zauna a ƙofar gida tana yi wa samari faɗa su kiyaye dokar 'yarta. Ta ce akwai wasu abubuwan ma, na gishiri a shayi, da na ranar da aka tsinto ta a makarantar allo tana nemana. Na ce ya isa.

Na yi wa Zuwena faɗa sosai, na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce ta gaya mini tun watan azumi, na ce gajiya ce. Ban tuna ba. Yarinyar nan ita ke wanki da girki da gadi, ni kuma in zo da jaka in yi faɗa in koma. Na ba ta haƙuri kafin in tafi.

Na ɗauke sandar na sa a jakar kayan aikina. An toshe wannan kafar, ba za a sake shiga ba. Saura in san yadda zan wanke yaron.

Alhamis, 18 ga Janairu, da yamma

Kwamiti ya sa taro Juma'a ta sama, kuma kafin nan an hana Masanja taka dutsen. Samari sun ce in ba a karya sandar kowa ba su ma za su shiga, ba za su zauna da yunwa baƙo na cin rabonsu ba. Har waƙa sun yi masa, wai Mai Romo. Da ya sauka a kwalekwale yara suka bi shi da ita har bakin masallaci.

Zan samo hanya. Tunda nake ban taɓa rasa hanya ba. Zan iya cewa ramukan da kansu pweza ta bar su, hakan na faruwa, kuma ba wanda zai ja da ni. Sai dai masu gadi sun ga ƙofofin da idonsu, ni kuma ban taɓa faɗin abin da ban auna ba.

Asabar, 20 ga Janairu, da hantsi

Na yi darasi kan cikowar ruwa da janyewarsa, ban san me na ce ba. Ɗalibai sun ce ya yi kyau. Mama lafiyarta ƙalau.

Litinin, 22 ga Janairu, bayan la'asar

Masanja ya same ni ina wanke kwalaben gwaji, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka aiko. Ya ce tun watan jiya ya ga Mama. Ya je ɗauko ma'aunin zafi da safe ya tarar da ita a tsakiyar dutsen, ruwa ya fara dawowa, tana tsaye ba ta san ina ne gabas ba. Shi ya riƙo hannunta ya fito da ita ta cikin mikoko, shi ya ɗauko mata kwando. Ƙwanson ne kawai bai gane ba sai da ya ga fuskata ranar Juma'a.

Na ce, "Ka san haka ka tsaya suna yi maka waƙa?"

Ya ce, "Malama, ni baƙo ne. In na tafi, wata biyu an manta da ni. Ita fa a nan za a binne ta."

Ya ce zai amsa laifin, a sayo sanda a karya da sunansa. Zai koma gida ya nemi koyarwa a sakandare.

Na ce ya fita ya ba ni wuri. Ya fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sai da na yi shiru kafin in kore shi, kuma ya ga shirun.

Laraba, 24 ga Janairu, da rana

Na je wurin Bi Mpaji, ƙawar Mama tun suna 'yan mata, ita ce kuma bakin mata a kwamiti. Na tarar tana saƙar tabarma. Na fara kewaye-kewaye, ta ce in zauna in daina zagaya ta kamar kaza za ta yi ƙwai.

Ta sani. Tun da masu gadi suka ambaci farin ƙwanso duk wata tsohuwa a Fundoni ta sani, kowacce ta ja bakinta ta tsuke. Shawararta ita ce ni ma in tsuke nawa. Ta ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce matar da ta ciyar da rabin ƙauyen nan a shekarar yunwa ba za a karya mata sanda gaban jikokin mutane ba.

Na ce yaron fa, shi ba ɗan wata ba ne? Ta ci gaba da saƙarta. Da zan tafi ta ce taurin kaina na uwata ne, ba inda na baro shi.

Alhamis, 25 ga Janairu, bayan asuba

Na yanke shawara. Na yi barci mai kyau.

Juma'a, 26 ga Janairu, bayan la'asar

An taru a gindin mangwaro bayan an sauko daga masallaci, maza a gaba, mata a gefe, samari a tsaye a baya. Zuwena ta riƙe Mama a gida. Masanja na zaune shi kaɗai a kan benci, ya sa farar rigarsa ta zuwa aji. Mzee Shaame ya karanto dokar, ya ce ko akwai mai magana kafin a yanke. Na ga yaron ya fara miƙewa. Na ce masa zauna, da muryar da nake yi wa 'yan shekarar farko, ya koma ya zauna.

Na buɗe jaka na zaro sandar na ajiye a kan tabarma gaban Mzee. Ban faɗi suna ba, ba a kuma tambaye ni ba. Zoben tagullar nan ba wanda ya haura shekara ashirin a Fundoni da bai san shi ba. Na ce ɗalibina bai taɓa komai ba, abin da ya yi kawai shi ne ya fito da mai sandar nan daga ruwa ranar da ta manta hanya. Na ce mai sandar ba ta san an rufe ba a lokacin da take shiga, kuma ni ya kamata in lura ban lura ba.

Mzee Shaame ya ɗauki sandar ya jujjuya ta, ya mayar ya ajiye. Ya ce a ganinsa tunda lalura ce, a bar maganar. Wasu suka ce haka ne. Amma ina kallon samarin baya, kuma na san abin da ke ransu: yau an ɗaga wa uwar Dakta, gobe kowa ya kawo tasa lalurar.

Na ce, "Baba, ni na kawo dokar nan. In ta tsallake gidanmu, ba gidan da za ta sake shiga."

Ya ce, "Hannuna ba zai iya ba, 'yar Mboje."

Na ɗauka na sa a gwiwa. Itacen mikoko ne, ya sha gishiri shekara da shekaru, sai da na yi da gaske kafin ya karye. Na ji wata ta yi salati a cikin mata. Na zare zoben na ƙulle a bakin zanena, na bar musu guntayen.

Samarin suka watse ba waƙa. Biyu daga cikinsu sun je sun ba Masanja hannu. Bi Mpaji ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu gwiwata na zafi, amma da za a sake da haka zan yi.

Talata, 30 ga Janairu, da yamma

Na kai Mama asibitin gari. Likita ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, da hantsi

Kullum da safe Mama tana duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado, ta tambayi Zuwena wa ya ari sandarta. Yau ruwa na fara janyewa sai ga Bi Mpaji da mata uku da kayan saƙarsu, suka baje a tsakar gidanmu suka ja ta da hira har ruwa ya dawo. Zuwena ta ce sun raba kwanaki a tsakaninsu. Bi Mpaji har yanzu ba ta amsa gaisuwata, amma ta sha shayin da na dafa.

Masanja ya koma ƙidaya, ramuka sun cika. Na roƙi Farfesa ya tattara mini darussana a farkon mako, sauran kwanakin ina Fundoni.

Asabar, 10 ga Fabrairu, bayan azahar

An buɗe. Tun da hantsi gari ya fito kaf, aka yi addu'a, Mzee Shaame ya busa ƙaho, mutane suka bazu a kan dutsen. Doka ta ce mai sandar da aka karya ba ta takawa, don haka na bar wa Masanja sikeli da ɗalibai, na shimfiɗa mana tabarma ni da Mama a ƙarƙashin kwakwa inda ake ganin komai.

Abin da na faɗa musu ya tabbata, har ya wuce. Pweza ake fitowa da su wasu sai an saɓa a kafaɗa, hannuwansu na jan yashi. Mata na guɗa. Daga nesa ina hango Masanja da farar hularsa yana bin bayan samari, duk ramin da suka bari sai ya durƙusa ya jera duwatsu. Can na ga wasunsu sun fara jerawa da kansu.

Mama ta yi ta kallo tana murmushi. Sai ta taɓa hannuna cikin ladabi, yadda take yi wa baƙuwa a gidan biki.

Ta ce, "Baiwar Allah, kin ga albarkar nan? 'Yata ce ta sa aka rufe. Tana can babbar makarantar teku. Wata uku cur, ko mutum ɗaya bai taka ba."

Na ce na gani, Mama.

Ta ce, "Kin san ta?"

Na ce na san ta.

"To in kin gan ta ki ce ta zo gida. Sandata ta ɓata. Ita ce mai nemo mini abu, tun tana ƙarama ba abin da ke ɓace mata."

Na ce zan gaya mata. Na kwance bakin zanena na sa mata zoben a babban yatsa, ya yi mata yawa, ta dunƙule hannu a kansa. Muka zauna har ruwa ya dawo ya rufe dutsen.